Yadda Aka Ce Na Makantar da Filin Jirgi Daga Saman Benenmu

Zuwa ga Mai Girma Manajan Darakta,
Kamfanin intanet ɗin da ya kafa faranti a saman gidanmu,
Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, da sakatariyarka mai fara'a wadda yanzu mun saba har takan tambaye ni ya ciwon gwiwa. Ina kuma gaishe da Hajiya mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Mai wannan rubutu ita ce Malama Habiba ta Zangon Agege, wadda ta koyar da kai a aji huɗu na firamare. Na gabatar da kaina ne domin na ji cewa a bayanin da kamfaninka ya aika wa hukuma an kira ni "wata mai amfani da layinmu", to kada ka rasa gane ko wace ce wannan watar.

Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na yi ta zuwa ofishinka har na gaji da hawan motar hayar nan ta danfo. Kullum oga ya fita, ko oga yana mitin, ko oga ya tafi Abuja. Kujerunku na jira suna da laushi, ruwan sanyinku ma ba laifi. Na kira wayarka, tana shiga ba a ɗauka, abin da ya ɗaure mini kai ga mutumin da sana'arsa sada mutane ce. Na yi niyyar zuwa wurin Hajiya, sai na tuna da hawan jininta, na ce baiwar Allah ba ta kafa wa kowa faranti ba. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Na ɗaya: yadda farantin ya hau.

Bara bayan ƙaramar sallah ka zo da kanka. Ka cire takalmi tun daga matakala, ka durƙusa har ƙasa, ka ce, "Malama, duk Zango babu gidan da ya kai naku tsawo. Daga samanku ana hango turken eriyar kamfaninmu, babu abin da ya tare. Ki ara mana kusurwa ɗaya, mu kuma mu ja miki intanet kyauta muddin rai." Na tambaye ka ko akwai takardar da za mu sa wa hannu. Ka yi dariya ka ce, "Haba Malama, tsakanin uwa da ɗa?"

Na ji daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba. Malamar firamare idan ta yi ritaya ba kasafai ake tunawa da ita ba, balle a zo da mota mai sanyi a kira ta uwa. Ga kuma 'yata Zainab tana aikin jinya a ƙasar waje, jikokina biyu suna can suna girma a cikin gilashin waya, kuɗin data yana cin rabin hirarmu. Na amince. Washegari yaranka suka hau suka huda rufin da mahaifina ya zuba da guminsa, suka dasa ƙarfe, suka ɗaura masa farin faranti mai kama da murfin tukunya. Daga shi kuka ja wa shagunan layinmu waya, da masu cirar kuɗi na bakin titi, da wasu gidajen.

Na biyu: gyaran da aka yi.

Abin yana aiki, sai dai yana da wata ɗabi'a. Muna cikin hira sai hoton jikata ya tsaya cak da baki a buɗe, a ɗan jima ya dawo. Ni ban damu sosai ba, wanda aka ba kyauta ba ya duba haƙorin akuya. Amma masu shaguna suna biya, kuma tunda farantin a kaina yake, ƙofata suke bugawa. Na gaya maka. A lokacin wayarka tana da lafiya, bugu ɗaya ka ɗauka.

Ka turo injiniyanka. Ya hau da kwamfutarsa ya daɗe, ya sauko ya ci amala da surukata, matar ɗana, ta tuƙa, ya wanke hannu ya ce mini, "Mama, farantinki matsoraci ne, da ya ji motsi sai ya yi shiru. Na cire masa tsoron." Na sa masa albarka.

Gaskiya ya faɗa, daga ranar bai ƙara ɗaukewa ba. Na zama 'yar tallarku ba tare da albashi ba. A gidan suna, a gidan biki, a Islamiyyarmu ta matan aure, duk inda aka yi kukan netiwok sai in gyara zama in ce ai ɗalibina yana da kamfani, nasa ko ƙyaftawa ba ya yi. Mutane da yawa sun shiga layinku a kan maganata. Ina fata sashen tallanku ya rubuta wannan a wani wuri.

Na uku: baƙin da suka zo da damina.

Cikin daminar bana wata farar mota mai eriya a kai ta fara zagaya unguwa. Ta bi ta kasuwa, ta dawo ta bakin masallaci, ta sake zagayowa, kamar mai neman ɓataccen rago. Ranar wata Talata da hantsi ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ma'aikatan hukumar da ke kula da sadarwa ne, da wani jami'i daga filin jirgin sama, da ɗan sanda guda. Shugabarsu injiniya ce, mace, ba ta wuce sa'ar Zainab ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta nemi izinin hawa sama. Da suka sauko ta zauna ta yi mini bayanin da ya kamata a ce daga bakinka na fara jinsa.

Ta ce iskar nan da muke gani fayau a rarrabe take zango-zango, kamar yadda muke murɗa rediyo mu bar wata tasha mu kama wata. Zangon da farantinku ke magana a kai, shi ne kuma radar filin jirgi ke aiki da shi, wato na'urar da ke leƙa sararin sama tana gaya wa matuƙa inda hadari da guguwa suke. An yarda su yi tarayya, amma da sharaɗi: farantin ya riƙa saurare, da zarar ya ji rada sai ya yi shiru ya koma wani layin. Da ta ga kallonta kawai nake yi, sai ta ce, "Mama, kin san inda titi ya ratsa layin dogo a nan Agege? Danfo na bi, okada na bi, masu ƙafa na bi. Amma idan jirgin ƙasa ya taho kowa tsayawa yake yi. Ɗaukewar nan da kike gani a da, tsayawar ce. Wani ne ya hau ya cire shingen."

Ashe tsoron da aka cire wa farantina ke nan. Ni da nake ganin ciwo ne, ashe tarbiyya ce.

Sai ta nuna mini hoto a wayarta. Taswirar hadari ce ta Legas, da wani dogon zane kamar an tsula mata bulala, ya taso daga filin jirgi ya miƙe ɗoɗar ta kan unguwarmu. Ta ce duk abin da ke kan wannan zanen ba sa iya bambancewa, ruwa ne, guguwa ce, ko farantin Malama ne. Sun daɗe suna nema.

A nan zan ajiye wasa. A cikin wannan daminar Zainab ta zo hutu da yaranta. Ranar da suka sauka an yi ruwa da iska har kwanon maƙwabtanmu ya yaye. Ina zaune a falo da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ina bin tafiyar jirginsu da intanet ɗinku, ina yaba muku a zuci cewa duk wannan iska bai ɗauke ba. Ban san abin da matuƙin ya gani ko bai gani ba a ranar. Ban tambayi injiniyar ba, kuma ba na so in sani. Amma tun da ta nuna mini hoton nan, duk jirgin da ya wuce ta saman gidanmu sai na bi shi da ido har ya ɓace, ni da aka haifa a ƙarƙashin ƙararsu ban taɓa ɗaga kai ba.

Suka tambaye ni kalmar sirrin da ake buɗe na'urar da ita. Na ce ban ma san tana da baki ba, balle sirri. Suka kwance farantin suka sa a mota, suka roƙe ni in bi su ofis in ba da bayani. Ba su ci mutuncina ba, ba su ɗaga mini murya ba, har shayi aka kawo mini. Aikinsu suka yi, kuma da ni ce su da haka zan yi. Sai dai mutanen layinmu ba su ga shayin ba. Abin da suka gani shi ne Malama Habiba a bayan motar hukuma, ɗan sanda a gefenta, ana bi da ita a hankali ta tsakiyar kasuwa saboda cunkoso.

Na huɗu: daga rada zuwa raɗa.

Kafin la'asar labari ya yi ƙafa. Wasu suka ce ina da na'urar sauraren matuƙa. Wasu suka ce a'a, ta juya jirgi ce, in na so Kano in na so Kwatano. Zuwa magariba an kai ga cewa daga ƙasar waje ake biyana, shaida kuwa ga 'yata can. Ina gode wa kamfaninka da wannan ɗaukaka. Na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu ba a taɓa sa wa ko lungu sunana ba, yau kwandastan danfo idan ya iso kwanarmu "Mama Rada" yake kira, mutane kuma su sauka.

Da a nan abin ya tsaya da na yi dariya tare da su. Amma kai ɗan Zango ne, ka san abin da ake nufi a garin nan idan aka haɗa Bahaushe da na'ura da filin jirgi a magana ɗaya. Kakana tsohon soja ne, ya sayi filin gidan nan tun Agege tana gonakin goro. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, Yarabancina ya fi na wasu masu shi. Duk da haka rana ɗaya ta isa a fara kallona kamar jiya na sauka daga tirelar Arewa a kasuwar Mile 12. Mai sayar mini da kifi ta daina yi mini ragi, ta koma kirana "Madam". Ɗan hayana na hawa na biyu, mutumin kirki, ya kwashe kayansa ya ce wurin aikinsa ba sa son suruntu. Aminiyata Iya Sikira, wadda muka yi wasan ƙasa tare, ita ce ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta ce duk wanda ya ƙara faɗa ya zo ya faɗa a gabanta. Ta ce matar da ba ta iya kunna fitilar wayarta ba ce za ta juya jirgi? Ban taɓa jin daɗin a tona jahilcina a bainar jama'a ba sai ranar.

Na biyar: Bashir.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san ɗana Bashir, kun yi ƙwallo a fili ɗaya. Yana aikin lodin kaya a wani kamfani da ke cikin filin jirgi, aikin da ya sha wuya kafin ya samu. Adireshin da ke kan katinsa na shiga shi ne gidan nan, domin a nan yake da matarsa. Da rahoto ya isa wurinsu sai suka karɓe katin, suka ce ya zauna a gida har a gama bincike. Ban ga laifinsu ba. Ma'aikacin filin jirgi, na'urar da ta dame radar filin jirgi a saman ɗakinsa, ko ni ce shugabarsu sai na tambaya.

Bashir ba mai magana ba ne. Har yanzu da asuba yake tashi kamar mai zuwa aiki, ya yi wanka, ya zauna a baranda. Ya gyara duk famfon gidan, har waɗanda ba su lalace ba. Matarsa tana da tsohon ciki, iyayenta kuma sun fara bugo waya daga unguwar Iyana Ipaja suna cewa ko za ta zo ta ɗan huta a gida. Mun san irin wannan hutun. Ranar da na ce masa ya yafe mini, ni na kawo abin nan gidan, sai ya ce, "Umma, ke intanet kika karɓa, ba ke kika hau sama ba." Ya tashi ya shiga ɗaki. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A kamfaninka an ci gaba, tsuntsu ya ja ruwa ya shige ofis mai sanyi, ruwan ya sauka a kan wani.

Na shida: amsar kamfaninka.

Da hukuma ta neme ku, kun amsa da gaggawa, abin da ya nuna mini cewa wayoyinku suna aiki idan sun ga dama. Kun ce kamfaninku yana bin doka sau da ƙafa, na'urorinku duka suna fitowa da saitin da ya dace, kuma bisa ga dukkan alamu wani ne a gidan ya taɓa wannan. Kun ƙara da cewa babu wata yarjejeniya a rubuce tsakaninku da mai gidan. Wannan gaskiya ne. Tsakanin uwa da ɗa ne.

Da farko na ɗauka ni kuke nufi, har na fara jin kaina, a ce da tsufana na zama injiniya ban sani ba. Sai daga baya na fahimta. Babu mai hankalin da zai yarda cewa ni na hau bene da wannan gwiwa na buɗe na'ura. Idan aka ce "wani a gidan", kuma a iyalin gidan namiji ɗaya ne mai ƙarfin hawa, wanda kuma yake aiki a filin jirgi, ai an gama magana ba tare da an kama suna ba. Wanda ya tsara muku wannan jimla ya iya aikinsa. Ina fata ba ni na koya masa rubutu ba.

Na'urar tana kulle da kalmar sirri, kalmar kuma a ofishinku take. Injiniyanku ya hau da rana tsaka, masu shaguna sun gan shi, surukata ta ciyar da shi. Na nemi lambarsa a wurin sakatariyarka, ta ce ya bar aiki. Ranar Asabar na hango shi a kan wani bene kusa da Iyana Ipaja, da rigar kamfaninku, yana ɗaura faranti. Wataƙila sadaka yake yi.

Kai ma mun haɗu sau ɗaya, a wurin ta'aziyyar limamin layinmu. Ka hango ni ka taso da sauri, ka durƙusa kamar yadda ka saba, ka ce, "Malama, ki bar mini komai, ana kan magana." Na ce to, in an shafa fatiha ina son minti biyu. Aka shafa. Gidan limamin ƙofa biyu gare shi, ni kuma na tsare guda ɗaya.

Abin da nake roƙo.

Ba kuɗi nake nema ba, kada lauyanka ya wahalar da kansa.

Ɗaya. Ka rubuta wa hukuma gaskiya: ma'aikacinku ne ya kashe sauraren da na'urar ke yi wa rada, domin kwastomomi su daina ƙorafi, kuma babu hannun kowa na gidan nan. Ka aika kwafi zuwa wurin aikin Bashir. An sa ranar Laraba mai zuwa za a zauna a kan maganarsa, an kuma ce ya zo da duk wanda zai iya ba da shaida. Ka zo da kanka, ko ka turo wanda ya bar aikin.

Biyu. Ku hau duk benen da kuka kafa wa faranti daga nan har inda kasuwarku ta kai, ku mayar musu da tsoronsu. Idan intanet ya ɗauke na ɗan lokaci, ku gaya wa mutane dalili. Mutanen Agege sun saba tsayawa jirgin ƙasa ya wuce, ba wanda ya mutu don ya jira. Ku kuma gaya wa masu gidajen abin da ke kansu, domin na tabbata yawancinsu tsofaffi ne irina da aka durƙusa musu.

Uku. Ka zo layinmu ranar Juma'a bayan an sauko, ka tsaya a ƙofar masallaci ka faɗa da Hausa da Yarabanci cewa farantin naka ne. A nan aka ɓata sunan gidanmu, ba a ofis ba, a nan kuma nake so a wanke shi.

Huɗu. Ku zo ku cire ƙarfenku. Hukuma farantin kawai ta ɗauka. Inda kuka huda yana yoyo, saitin gadon mai ciki, mun sa bokiti.

Ranka ya daɗe, ina cikin wannan rubutu da safiyar nan saƙo ya shigo wayata daga kamfaninka. Na kira Bashir ya zo mu karanta tare. Kuna gode mini ne da kasancewa cikin amintattun abokan hulɗarku, kuna kuma roƙon in ba ku taurari daga ɗaya zuwa biyar bisa yadda na ji daɗin hidimarku. Bashir ya yi dariya, karon farko tun da aka karɓe katinsa. A kan wannan dariyar kaɗai na ba ku tauraro ɗaya. Sauran huɗun suna hannunka.

Allah ya ƙara maka buɗi ta hanyar halal, ya tsare ka da iyalinka a ƙasa da sama, ya haɗa 'ya'yanka da mutanen da za su tsaya musu ranar da aka ɗora musu abin da ba su yi ba. Allah ya ba ka ikon faɗar gaskiya tun tana da amfani.

Wassalam.

Malamarka,
Habiba, Zangon Agege.